Tanki Ma Yana Numfashi: Aikin Bakaniken Babur a Ɗan Iya

Akwai wata matsala da babur ke yi wadda take ɗaure wa mai shi kai. Da safe bugu ɗaya zai tashi, ya yi sulo lafiya lau, a hau a kama hanya. Sai an yi 'yar tafiya, kamar daga Wunti zuwa Yelwa, ya fara shaƙewa yana fizga, can ya mutu murus. Mai shi ya sauka ya kwance fulogi, ya ga wuta na zuwa. Ya buɗe tanki ya leƙa, ga mai nan. Ya rufe ya buga, babur ya tashi kamar ba shi ba. An ƙara 'yan kilomitoci kuma sai a koma gidan jiya. Wani zai sayi sabon fulogi, wani ya canja kwayil, wani ya ɗora wa gidan mai laifi, wani ma har ya fara zargin ko hannu aka sa masa. Alhali shi da kansa ya taɓa maganin bai sani ba: buɗe murfin tankin nan da ya yi, shi ne ya tayar da babur ɗin.

A unguwar Ɗan Iya da ke cikin garin Bauchi, kamar sauran unguwannin birni, mutum ba ya yin nisa bai ga rumfar mai gyaran babur ba. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin da baƙin mai, ga benci, ga Boxer da Jincheng da roba-roba a jere suna jiran layi. Kayan aikin ba su da yawa: sifanu masu lamba 8, 10, 12, 14 da 17, sukudireba mai faɗin baki da mai kuros, filaya, guntun galan da aka yanka ana wanki a ciki, tsohon buroshin goge baki, sai tsumma. Kusan kowace rumfa abin da ke cikinta ke nan. Abin da ya raba wani bakanike da wani yana cikin kunne da yatsu, da kuma haƙurin bin tiyo tun daga inda ya fito har inda ya ƙare. Wanda nake so mai karatu ya tsaya ya kalla shi ne wanda idan aka turo masa babur mai wannan ciwo ba ya saurin ɗaukar sifana.

Tambaya yake fara yi. "Malam, tun da sanyin safiya yake yi maka, ko sai an yi tafiya? In ka cika tanki ya fi yi, ko in mai ya yi ƙasa?" Tambaya ta biyun nan ba ta banza ba ce. Idan tanki ya cika, iskar da ta rage a samansa kaɗan ce, saboda haka matsalar takan bayyana da wuri. Idan mai ya yi ƙasa, sai an yi tafiya mai nisa kafin ta nuna kanta. Daga amsar mai babur bakanike ya riga ya fara ganin hanya.

Sai ya rufe famfon mai, wato ɗan makullin nan da ke ƙarƙashin tanki wanda ake murɗawa zuwa rizab idan mai ya kusa ƙarewa. Ya zare tiyon mai daga jikin kafireta, ya zura bakinsa cikin kwalba mai haske, ya buɗe famfon, murfin tanki kuwa yana rufe. Da farko mai zai zubo da ƙarfinsa. Bakanike ba ya ɗauke ido. A hankali zubar za ta fara sirancewa, ta koma ɗigo, ta tsaya cak, ga shi kuwa tanki da mai. A nan ne zai sunkuyo ya kai kunnensa dab da murfin, ya murɗa makullin murfin. Za a ji 'yar ƙara ta iska tana faɗawa ciki, nan take kuma mai ya ci gaba da kwarara cikin kwalbar. Shi ke nan, an kama mai laifi. Da ya buɗe murfin zubar ba ta dawo ba, da sai ya koma kan 'yar ragar tace datti da ke cikin famfon mai, ko matatar da ke tsakiyar tiyo. Gwaji ɗaya ya raba masa gardama tsakanin cututtuka biyu masu kama da juna, kuma bai kwance noti ko ɗaya ba.

Dalilin abin a fili yake ga duk wanda ya taɓa zama teburin mai shayi. Gwangwanin madara huda biyu ake yi masa, ɗaya madara ta fita, ɗaya iska ta shiga. Toshe ta biyun da yatsa, madarar za ta tsaya. Ƙananan baburan da muke hawa ba su da injin tura mai. Tanki yana sama, kafireta tana ƙasa, nauyin man ne kawai ke gangaro da shi. Duk cokalin man da ya fita, dole iska daidai shi ta shiga ta maye gurbinsa. In ba ta samu hanya ba, iskar waje ta fi ta cikin tankin ƙarfi, sai ta riƙe man ta hana shi sauka.

Wannan rabin labarin ne. Tanki yana buƙatar fitar da numfashi kamar yadda yake buƙatar shaƙa. Fetur haɗin sinadarai ne masu yawa, kuma mafi sauƙin cikinsu suna fara zama tururi tun zafi bai kai digiri 40 a ma'aunin Selsiyos ba. Wanda ya san Bauchi a watannin Maris da Afrilu ya san zafi kan kai kusa da haka a inuwa, balle tankin ƙarfe da aka ajiye a tsakar rana a bakin kasuwar Muda Lawal, ga kuma inji mai zafi a ƙarƙashinsa. Shi kansa ruwan fetur ɗin yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin ɗari duk lokacin da zafinsa ya ƙaru da digiri 10. Tankin da ba shi da mafita sai ya cika da matsi, ya tura mai da ƙarfi har ya rinjayi 'yar allurar da ke tsayar da mai a kofin kafireta. Sai ka ga babur a tsaye yana zubar da fetur a ƙasa, ko a buɗe murfi mai ya fantsamo wa mutum a fuska.

A yawancin baburan da muka saba da su, hanyar numfashin tana cikin murfin tankin kansa: 'yar huda ce siririya, da wata karkatacciyar hanya a ciki wadda iska ke iya bi amma mai ba ya saurin fantsamowa ta cikinta. Ƙurar hunturu da tsatsa su ne ke toshe ta. Wani lokaci kuma mai babur ne da hannunsa, idan robar murfi ta mutu mai yana tsattsafowa, sai ya shimfiɗa leda a bakin tanki ya danna murfi a kai. Yoyo ya tsaya, numfashi ma ya tsaya. Bakanike na ƙwarai yakan shimfiɗa tsumma mai tsabta, ya kwance ƙananan sukurorin ƙarƙashin murfin, ya jera abin da ya fito ɗaya bayan ɗaya daga hagu zuwa dama yadda ya cire su, domin akwai ɗan sifirin a ciki wanda in ya yi tsalle ya faɗa ƙasar gareji sai dai a yi haƙuri. Ya goge da buroshi, ya zare silin waya guda daga tsohuwar wayar lantarki, mai laushi, ya bi hudar da shi a hankali ba tare da ya faɗaɗa ta ba. Ya sa sabuwar roba, ya mayar da komai daga dama zuwa hagu. Aikin bai fi na 'yan mintoci ba, kuma ba a sayi komai ba sai roba.

Inda aikin ya fara neman ilimi na musamman shi ne baburan da murfinsu ba shi da huda ko kaɗan. Waɗannan an ƙera su ne bisa dokokin ƙasashen da suka hana tururin fetur fita sararin sama. Tururin nan da muke shaƙa a gidan mai ba ƙamshi ba ne kawai. Idan ya haɗu da hayaƙin injuna a ƙarƙashin hasken rana yana haifar da wani irin hazo mai cutar da huhu, kuma a cikinsa akwai sinadarin benzin, wanda masana lafiya suka tabbatar yana jawo sankarar jini. Jihar Kalifoniya ta Amurka, wadda birninta Los Anjeles ya sha fama da irin wannan hazo, ta tilasta wa masu ƙera babura su kama tururin tun a shekarun 1980. Ƙasar Sin ta bi sahu a 2010, Tarayyar Turai ta sa shi cikin dokarta ta Euro 4 a 2016, Indiya kuma a 2017. To daga Indiya da Sin ne galibin baburanmu ke zuwa. Ba kowane babur da aka turo Afirka ke ɗauke da wannan tsari ba, amma yana zuwa a jikin wasu, musamman manyan babura na hannu da ake shigowa da su, kuma duk ranar da ɗaya ya lalace rumfar bakaniken unguwa zai nufa.

Ga yadda tsarin yake. Daga can saman tanki, ta ciki, akwai ɗan bututun ƙarfe da ya sauko ya fito ta ƙasa. Tiyo ya ɗauka daga nan ya bi ta wani ɗan bawul mai ƙwallo a ciki, wanda aikinsa shi ne ya rufe hanya idan babur ya faɗi, kada mai ya kwarare a ƙasa kusa da inji mai zafi. Daga bawul ɗin tiyo ya shiga wani baƙin gwangwani na roba da ke maƙale a ƙarƙashin tanki ko kusa da inji, wanda ake kira kanista. Abin da ke cikinsa gawayi ne, amma ba irin na murhu ba. Ana yin sa da ɓawon kwakwa ko itace ko kwal, a gasa shi da tururin ruwa mai tsananin zafi har jikinsa ya cika da ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Da za a shimfiɗa bangon ramukan da ke cikin giram ɗaya kacal, faɗinsu zai haura murabba'in mita 500. Idan babur yana tsaye a rana, tururin da ya taso daga tanki sai ya maƙale a waɗannan ramuka, iska tsantsa ta fice. Idan aka tayar da inji, akwai tiyo na biyu da ya tashi daga gwangwanin zuwa wuyan kafireta, inda inji ke zuƙa. Zuƙar nan tana jawo sabuwar iska ta ƙofa ta uku da ke ƙasan gwangwanin, iskar ta wanke gawayin, ta kwashi tururin ta kai shi cikin inji a ƙone shi. Wato man da da zai bi iska ya dawo ya tura taya. Ni dai duk lokacin da na tuna cewa babu batir babu waya a mafi sauƙin irin wannan tsari, gawayi ne da tiyo uku da numfashin inji, sai in ƙara girmama wanda ya zauna ya tsara shi.

Sai dai an tsara shi ne don tururi, ruwan mai kuwa kashe shi yake yi. Mu kuma mun saba idan an je gidan mai a cika tanki har baki, a girgiza babur, a ƙara. Man da ya wuce wuyan tanki sai ya bi tiyon numfashi ya gangara cikin gawayin ya jiƙa shi sharkaf. Haka idan babur ya sha faɗuwa. Sannan ga ƙura da taɓo masu toshe ƙofar ƙasa a hanyoyin ƙauye irin na Zungur da Liman Katagum da Galambi, ga zanzaro da ba ya ganin bakin tiyo a buɗe bai yi gini a ciki ba. Gwangwanin da ya jiƙe yana sa babur wahalar tashi idan ya yi zafi, da warin fetur, da baƙin fulogi. Wanda ya toshe kuwa yana jawo mutuwar kan hanya da muka fara da ita.

Abin da mai son jiki ke yi a nan sananne ne. Ya ga gwangwanin da bai san aikinsa ba, ya fizge shi ya jefar a bayan rumfa. Tiyon da ya fito daga tanki ya cusa masa ƙusa ko ya lanƙwasa shi ya ɗaure da waya. Ɗan hancin da ke wuyan kafireta kuma, inda tiyo na biyu ke shiga, ya bar shi a buɗe, don bai ma lura da shi ba. Ya karɓi kuɗinsa ya koma kan benci. Kuskure biyu ke nan a aiki ɗaya. Tanki ya rasa numfashi gaba ɗaya. Inji kuma ya sami wata ƙofa da yake zuƙar iska wadda ba ta bi ta matatar iska ba, ba kuma a auna mata mai ba. Injin fetur yana son kusan giram 14.7 na iska ga kowane giram ɗaya na mai. Idan iska ta yi yawa sai ya riƙa zafi fiye da kima, sulo ya riƙa hawa da sauka, ƙurar da ke shiga kai tsaye kuma tana cin ringi da fistin a hankali. Bayan wata biyu ko uku a ce inji ya fara shan baƙin mai, ba wanda zai tuna da ɗan hancin nan.

Gwanin kuwa kafin ya cire komai sai ya kashe inji ya bar shi ya huce. Ya duba hagu da dama: babu mai walda kusa, babu mai shan taba, babu murhun mai shayi. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ne ya je ya tarar da wuta inda take. Sannan ya cire kujera, ya kwance notin bayan tanki, ya ɗaga shi kaɗan ya tokare da katako. Abin da ke ƙarƙashi tarin baƙaƙen tiyo ne masu kama ɗaya. Akwai na numfashin tanki. Akwai na zubar da ruwan sama da ke taruwa a kewayen murfi, wanda sau da yawa yake fitowa dab da na farkon. Akwai na ambaliyar kofin kafireta, akwai na numfashin kofin, akwai na numfashin cikin inji wanda ke komawa gidan matatar iska, a wasu baburan ma har da na zuƙa mai buɗe famfon mai da kansa. Yakan kama kowanne da yatsa biyu ya bi shi har ƙarshe, ya ɗaura masa alama da zare ko guntun salatif. Idan biyun da suka fito daga tanki sun rikita shi, sai ya ɗiga ɗan ruwa a kwarin da ke kewaye da bakin tanki, murfi na rufe, ya ga ta wane tiyo zai fito. Wanda ruwa ya biyo shi ne magudana, ɗayan shi ne na numfashi.

"Oga, ka cire min tarkacen nan kawai, sauri nake yi."

"Alhaji, bari mu ji laifinsa tukuna. In lafiyarsa ƙalau, kuɗinka yake tara maka."

Sai ya zare gwangwanin ya auna nauyinsa a tafin hannu, domin wanda ya sha mai ya fi busasshe nauyi. Ya girgiza shi a kunne: in ya ji gawayi yana kacar-kacar kamar ya sami sarari, ragar ciki ta yage, kuma ƙwayoyin gawayin za su iya bin tiyo su je su toshe kafireta. Ya duba jikinsa ko ya tsage. Ya kawo famfon ba taya iska ya hura a hankali ta ƙofar tanki, yana tara yatsa a ƙofar ƙasa ya ji ko iska na fita. Ba ya sa baki ya tsotsa, kuma ba ya barin yaransa su yi. Wanda ya daɗe a sana'ar ya ga abin da fetur ke yi wa ƙirjin mutum. Idan toshewa ce, ya fasa ginin zanzaron ya kakkaɓe ƙurar. Idan jiƙewa ce, ya tsiyaye man, ya ajiye gwangwanin a inuwa inda iska ke kaɗawa, nesa da wuta, ya ce a dawo gobe ko jibi. Da yawa a nan maganar ke ƙarewa, a mayar da shi mazauninsa.

Sai idan ya fashe, aka kuma nema a wurin masu sayar da kayan babur aka rasa, sannan yake yarda ya canja wa numfashin tanki hanya, domin ba za a bar mutum da babur a jingine ba. A nan ne hannunsa ke nuna shekarun da ya yi. Abu na farko, ɗan hancin wuyan kafireta: ya sa masa hular roba mai kama shi tsam, ya ɗaure da kilif. Na biyu, bawul ɗin faɗuwa: ba ya jefar da shi, yakan bar shi a kan layin, a tsaye yadda masu ƙira suka ɗora shi, domin in ya kwanta ƙwallon ciki zai rufe hanya ko da babur bai faɗi ba. Na uku, tiyon kansa. Ba ya amfani da farin tiyon magina ko na ƙarin ruwan asibiti, waɗanda fetur da zafi ke busar da su su ƙage su tsage. Yakan yanko tiyon mai na gaske, mai faɗin da ya dace da bututun.

Sannan shimfiɗa shi. Ya bi da shi ta jikin ƙarfen firam, nesa da kan inji da salansa, nesa da sarƙa. Ba ya barin lanƙwasa mai kaifi, domin tiyon da ya yi laushi da zafi a nan yake mannewa. Ba ya barin wani wuri ya yi lotsami a tsakiya, domin ɗigon mai zai taru a wurin ya toshe iska. Daga inda tiyon ya fara gangara, gangara zai yi ta yi har ƙasa. Ɗaurin da yake yi masa riƙo ne, ba shaƙa ba, har yakan ja tiyon ya ga yana ɗan motsi. Bakin ƙarshe yakan sauke shi ƙarƙashin inji, a gefe, yadda in mai ya ɗigo ba zai sauka a kan salansa ko a gaban tayar baya ba. Ya yanke bakin a karkace yana kallon baya, don ƙura da taɓo kada su cusa kansu, kuma ɗigon ruwa kada ya tsaya ya rufe shi. Idan mai babur ɗin ɗan ƙauye ne mai tsallaka rafi da damina, sai ya ƙara masa reshe: ya sa mahaɗa mai baki uku, reshe ɗaya ya sauka ƙasa, ɗaya ya hau ya ɓuya ƙarƙashin kujera da ɗan soso a bakinsa. In ruwa ya rufe na ƙasa, tanki ya shaƙa ta sama maimakon ya zuƙi ruwan rafi.

Bai gama ba. Ya mayar da tanki ya leƙa da tocila ko ya danne tiyon. Ya mayar da kujera ya ce yaro ya hau ya zauna da nauyinsa, ya sake leƙawa. Ya juya kan babur hagu har ƙarshe, dama har ƙarshe. Ya maimaita gwajin kwalba, wannan karon mai ya yi ta zuba ba yankewa. Sannan ya tayar, ya bar inji ya ɗumama, ya sa sukudireba a sukurin iska na kafireta yana juyawa kaɗan-kaɗan, kansa a karkace yana sauraro, har ya sami inda sulo ya zauna daram. Ya hau ya zaga, ya dawo ya kwance fulogi ya duba bakinsa. Fari fat alamar iska ta yi yawa, baƙi mai toka alamar mai ya yi yawa, ruwan ƙasa mai haske shi ake nema. Sannan ya faɗa wa mai babur gaskiya: yanzu tururin manka iska yake bi, kada ka kwana da babur a ɗakin da ake kunna wuta, kuma duk ranar da aka samu sabon gwangwani ka kawo a mayar.

Akwai wani abu na biyu da masu babur ke yawan cewa a cire musu, wato bawul ɗin da ke shigar da iska cikin salansa. Tiyo ne daga gidan matatar iska zuwa kan inji, da wani siririn harshen ƙarfe a tsakani mai buɗewa ta gefe ɗaya. Duk lokacin da hayaƙi ya fita da ƙarfi yakan bar ɗan gurbi a bayansa, gurbin ya buɗe harshen, sabuwar iska ta faɗa cikin hayaƙin tun yana da zafi, ragowar man da bai ƙone ba ya ƙarasa ƙonewa a nan. Laifinsa a wurin mutane shi ne ƙarar tas-tas da salansa ke yi idan an saki totur, da kuma jita-jitar cewa yana rage gudu. Maganar gudu ba ta da tushe, domin iskar nan ba ta shiga inda fistin ke aiki, a bakin fita take haɗuwa da hayaƙi. Ƙarar kuwa, idan ta yi yawa, gwani yakan fara duba gaskit ɗin wuyan salansa ko yana yoyo, da ko an farke cikin salansar don neman ƙara, da ko ƙaramin jet ɗin sulo ya toshe. Ya buɗe bawul ɗin ya kankare baƙin da ya daskare a harshen, ya mayar. Abin da bawul ɗin ke ragewa shi ne iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma jini ke kama ta fiye da sau 200 kan yadda yake kama iskar shaƙa. Ita ce dai mai kashe iyalai idan an kwana da janareta a cikin gida. A garin da ake kwana da babur a zaure, a tayar da shi da asuba yana ɗumama yara na wucewa ta gefensa, ban ga hikimar cire abin da ke rage wannan guba ba.

Idan kuma babur ɗin na zamani ne mai feshin mai da na'ura maimakon kafireta, bawul ɗin gwangwanin na lantarki ne, kuma kwamfutar babur tana lura da shi. Gwani ba ya sa almakashi a wayar da bai san inda ta nufa ba. In abin ya fi ƙarfin kayan aikinsa yakan faɗa, ya tura mutum wurin mai na'urar bincike, kuma wannan ma yana cikin gwaninta.

A Amurka cire irin waɗannan na'urori daga abin hawan da ke bin titi laifi ne a doka. A nan gida, hukumar NESREA mai kula da ƙa'idojin muhalli, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin hayaƙin ababen hawa tun 2011, ko da yake ba kasafai ake tsayar da mai babur a auna salansarsa ba. Abin da ya fi doka saurin shiga kunnen mutane shi ne aljihu. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da janye tallafin mai, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Man da ke ɗiga daga kafireta saboda matsin tanki, da wanda ke tashi a rana, da wanda inji mai baƙin fulogi ke ƙonawa a banza, duk da wannan kuɗin aka saye su.

Abin da ke damuna shi ne irin wannan aiki ba ya kawo wa mai shi kuɗi sosai. Wanda ya canja fulogi da kwayil da kafireta bai gano komai ba yakan tashi da riba fiye da wanda ya gano ginin zanzaro a bakin tiyo, domin mun saba biyan kaya, ba mu saba biyan sani ba. Duk da haka za ka ga maigidan rumfa ya durƙusar da yaronsa ɗan shekara goma sha a gaban babur, ya ce ba zai taɓa sifana ba sai ya faɗi sunan kowane tiyo da inda ya nufa, yaron kuma yana bi da yatsa yana faɗa, sa'o'insa na can gindin bishiya suna danna waya.

Kai kuma mai babur, idan ka je shan mai ka tsaya a ƙasan wuyan tanki, ka daina girgizawa ana ƙarawa. Kada ka sa leda a ƙarƙashin murfi, sayi roba. Duk wanda zai cire wani abu daga jikin babur ɗinka, ka ce ya nuna maka inda kowane tiyo ya fito da inda zai koma, in ya kasa ka tura abinka gaba. Wanda kuma ya gano maka ciwon da kunne da kwalba, ka biya shi kuɗin aikinsa cikakke ko da bai sayar maka da komai ba.